Tsakanin Keke da Kanta

Yau shirinmu yana Samaru da Sabon Gari a Zariya, bakin shagunan tireda.

Ku bi titin Sokoto, daura da Jami'ar Ahmadu Bello, ku dubi ƙofar shaguna. Kafin kanta akwai lambatu. A kan lambatun an gitta katako ɗaya, wani lokacin guntun sulab da ya tsage. Bayan katakon ga matakala biyu ko uku, domin mai shago ya ɗaga daɓensa saboda ruwan damina. Ba mugunta ba ce, buhun shinkafarsa yake karewa. Amma bawan Allahn da ya zo a keken guragu, irin mai feda a hannu ɗin nan, tafiyarsa ta ƙare a bakin kwalta.

To ya yake sayayya? Sai ya ɗaga murya: "Mai shago! A miƙo min sabulu da madara." Idan akwai layi, sai an sallami kowa. Ga 'yan acaɓa suna ta hon a bayansa. Ba ya ganin kaya balle ya zaɓa, ba ya duba ranar lalacewar madarar. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne na'urar POS: idan tana ɗaure a caji, sai ya ba yaron shago katinsa, ya faɗi lambar sirrinsa a bainar jama'a. Lambar sirri fa, jama'a, a bakin titi!

Doka kuwa tana nan. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, aka ba gine-ginen da jama'a ke shiga shekara 5 su gyara. Wa'adin ya cika a Janairun 2024. Jihar Kaduna ma ta yi tata a 2021.

A kasuwar Sabon Gari kuma, ko an yi gangara, kayan da ake bajewa a hanya sun cinye wurin wucewa. Sannan gangarar ma da ƙa'idarta: tudun taku ɗaya yana son tsawon taku 12, in ba haka ba keken na iya kifewa da mai shi. Sulab mai faɗi kan lambatu dai bai fi ƙarfin ƙungiyar 'yan kasuwa ba.

Lokaci ya ƙure mana. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.