Harsuna huɗu a majami'a guda: rayuwar jama'ar Yahudawan tsibirin Jarba

1. Shimfiɗa

A darasin walwalar harshe mun sha yi wa ɗalibai wannan tambaya: wane harshe Bayahude ke tashi da shi tun daga gida? Kusan kullum amsar ita ce Ibrananci. Kuskuren ya samo asali ne daga haɗe abubuwa uku da ya kamata a rarrabe, wato addinin Yahudanci, harshen Ibrananci, da ƙasar Isra'ila wadda aka kafa a 1948. Shekaru aru-aru Ibrananci harshen addu'a ne da na littafi, ba da shi uwa ke lallashin ɗanta ba. Sai a ƙarshen ƙarni na 19 aka soma farfaɗo da shi a matsayin harshen yau da kullum. Kafin nan kowace jama'a ta Yahudawa da harshen gidanta: Yidish a gabashin Turai, Ladino ga waɗanda aka kora daga Sifen a 1492, Larabci a Magrib da Misira da Iraki da Yaman.

A cikin wannan ƙasida za mu ɗauki misali guda, na jama'ar tsibirin Jarba a kudancin Tunisiya, mu bi ayyukan majami'arsu, mu ga harshen da ke tafe da kowane aiki. Mun zaɓi Jarba ne don a Afirka take, jama'ar kuma tana nan har yanzu, sannan duk wanda ya zauna a zauren karatu a Maraɗi ko Damagaram zai gane fasalin abin ba da wahala ba.

2. Unguwanni biyu

Yahudawan Jarba suna zaune a wurare biyu. Akwai Hara Kabira, « babbar unguwa », dab da Humt Suk, babban garin tsibirin, akwai kuma Hara Sagira, « ƙaramar unguwa », wadda a yau ake kira Riyad. A gefen ƙaramar ne majami'ar Gariba take. Maƙwabtansu Musulmi ne, wasu Malikawa wasu Ibadawa, kuma a ƙauyuka irin su Gallala har yanzu ana jin harshen Barbar. A wajen 1948 Yahudawan Tunisiya sun kai kimanin 100.000. Yawancinsu sun ƙaura zuwa Faransa da Isra'ila, musamman bayan samun ƴancin kai a 1956, rikicin Bizarta na 1961 da yaƙin 1967. Waɗanda suka rage a Jarba ba su wuce dubu da ƴan kai ba, amma su ne mafi yawan Yahudawan ƙasar a yau. Sana'ar da aka fi saninsu da ita ita ce ƙirar azurfa da zinariya.

Labarin baka ya ce waɗanda suka kafa Hara Sagira sun gudo ne daga Birnin Ƙudus sa'ad da Babilawa suka rushe haikalin Annabi Sulaimanu a shekara ta 586 kafin haihuwar Annabi Isa, suka zo da wata ƙofa ta haikalin. Ana ma danganta tsohon sunan ƙauyen, Digat, da kalmar Ibrananci delet, « ƙofa ». Mu dai mun saba da irin wannan fassarar suna, don haka muke jin ana fassara sunayen garuruwanmu bayan an daɗe da manta asalinsu. Abin da labarin ke gaya mana shi ne yadda jama'ar ke kallon kanta.

3. Sunan wurin

Da Ibrananci ana cewa bet keneset, « gidan taro ». Kalmar Faransanci synagogue ta fito daga Girkanci, ma'anarta kuma taro ce. Kalmar majami'a da muke amfani da ita a nan tana kan wannan turba, tunda saiwarta ta Larabci j-m-' ita ce ta ba mu jama'a, Juma'a da jami'a. Amma Bayahuden Magrib in yana magana a gida ba ya amfani da ko ɗaya daga cikinsu. Cewa yake sla, daga Larabci salat, kalmar da ta zama salla a Hausa. Wato sunan aikin ne ya koma sunan wurin. A gabashin Turai kuwa shul ake cewa, « makaranta ». Sunayen uku sun nuna ayyuka uku na gidan: taro, addu'a, karatu.

Ba ginin ne ke yin jama'a ba. Sharaɗin addu'ar jam'i shi ne minyan, wato maza goma baligai, masu shekara 13 zuwa sama. In tara suka hallara, akwai sassan addu'a da ba za a yi ba, ba kuwa za a fito da naɗin Attaura a karanta ba. Ana taruwa sau uku a yini, da safe, da la'asar, da dare. Wannan sharaɗi, tare da hanin hawa abin hawa ran Asabar, shi ya sa dole gidaje su kasance kusa da majami'a, shi ya sa kuma Hara Kabira ita kaɗai ta tara majami'u goma sha ɗaya. A ganinmu nan ne sirrin ɗorewar karin harshensu: mutanen da tilas su haɗu sau uku a yini a unguwa guda ba su rasa abokin magana.

4. Wane harshe, wane aiki

Addu'a da karatun Attaura da Ibrananci ake yinsu. An raba littattafan Musa biyar kashi 54, ana sauke su a shekara, ana karanta kashin mako ran Asabar, a kuma karanta farkon na gaba ran Litinin da Alhamis. Naɗin na fata ne, rubutun hannu, ba wasali a cikinsa, saboda haka sai mai karatu ya haddace wasulan da kuma rerawar. Ana ajiye shi a wani ɗaki ko akwati da Yahudawan Magrib ke kira hekal, kalmar da muka sani da haikali.

Harshe na biyu Aramiyanci ne, ɗan uwan Ibrananci. Ba wanda ke hira da shi a tsibirin, amma da shi ake kadish, addu'ar da mai makoki ke karantawa a gaban jam'i, da shi ake rubuta ketuba, takardar aure mai fayyace haƙƙin mace, kuma da shi aka rubuta babban kaso na Talmud, littafin da ɗalibin da ya yi nisa ke gogawa.

Na uku, wanda ya fi ɗaukar hankalinmu, shi ne Larabcin Yahudawa. Shi ne na gida, na kasuwa, na wa'azi da na bayanin darasi. Ana rubuta shi da baƙaƙen Ibrananci, kamar dai yadda malamanmu suka ari baƙaƙen Larabci suka rubuta Hausa da ajami, kuma da matsala iri ɗaya: baƙaƙen Ibrananci 22 ne, na Larabci 28, sai an ƙara ɗigo kan wasu kafin su wadatar. Al'adar ta daɗe. Sa'adiya Gawon, haifaffen Misira (882-942), ya fassara Attaura zuwa Larabci, fassarar tasa kuwa Tafsir ake ce mata. Daga baya a Magrib aka sami sharh: malami ya karanta aya da Ibrananci, ya bi ta kalma bayan kalma da Larabci, yara su maimaita. Tsarin jimlar na Ibrananci ne, kalmomin na Larabci, yawancinsu tsofaffi waɗanda ba a ji a kasuwa. Duk wanda ya ji ana fassara Ahalari ko Ishiriniya a makarantar ilimi ya san wannan Hausa ta musamman mai bin sawun Larabci, wadda ba mai yin cinikin goro da ita. Abu ɗaya ne ya faru a wuraren biyu ba tare da wani ya koya daga wani ba, domin buƙatar ɗaya ce: a fahimci nassi ba tare da an sake shi ba.

Ta fuskar furuci, David Cohen ya yi nazarin karin Yahudawan birnin Tunis a littattafai biyu (1964 da 1975), ya nuna yadda suke haɗe s da sh, da kuma z da j, har ana gane addinin mutum daga buɗe bakinsa. Kari ne na addini ke nan, ba na yanki ba, tunda unguwa ce kawai ta raba masu shi da maƙwabtansu.

Faransanci shi ne na huɗu, kuma ya shigo a makare. Ƙungiyar Alliance israélite universelle, wadda aka kafa a Paris a 1860, ta buɗe makarantun Faransanci ga Yahudawa daga Maroko har Iran. A Tunis ta sami karɓuwa, cikin ƴan shekarun da ba su da yawa iyalai da dama suka bar Larabci. Malaman Jarba kuwa suka ƙi ta a farkon ƙarni na 20, suka hana iyaye kai yara. Ba sai mun tuna wa mai karatu yadda iyayenmu suka karɓi lakwal ba. Sai dai mutanen Jarba ba su tsaya ga ƙi ba: a daidai wannan zamani Dawid Aidan ya kafa maɗaba'a ta baƙaƙen Ibrananci, ƙaramin tsibirin ya zama cibiyar buga littattafai, ɗaruruwa, da Ibrananci da Larabcin Yahudawa. Babban malaminsu Halfon Moshe Hakohen (1874-1950) ya tattara al'adun tsibirin a littafinsa Berit Kehuna. Abraham Udovitch da Lucette Valensi, a littafinsu na 1984 kan jama'ar, sun ba wannan zaɓi muhimmanci ƙwarai wajen bayyana dalilin da ya sa ba ta watse ba.

Charles Ferguson, a maƙalarsa ta 1959, ya kira zaman kari biyu na harshe guda, na sama da na ƙasa, diglossie kamar yadda muke cewa da Faransanci, Joshua Fishman kuma ya faɗaɗa ma'anar a 1967 ta haɗa da harsuna daban-daban. Jarba ta fi ƙarfin wannan rabo biyu. Sharh ba na sama ba ne sosai, ba kuma na ƙasa ba. A yau ma an ƙaru da daidaitaccen Larabci na makarantar gwamnati da kuma Ibranancin zamani.

5. Asabar da ziyara

Ran Juma'a da yamma ana busa ƙahon rago, shofar, don a sanar da masu shaguna lokacin rufewa ya yi. Mata kan kai tukwane tanderun unguwa, tunda ba a hura wuta daga faɗuwar rana ta Juma'a zuwa fitowar taurari ta Asabar. Sauran hidimomin jama'a duk da masu kula da su: mai yanka, mai yi wa jariri kaciya a rana ta takwas, ƙungiyar masu wanka da binne gawa, masu tara tsedaka domin mabukata. Shari'ar aure da gado a da kotun malamai ke yinta, har gwamnatin Tunisiya ta soke kotunan Yahudawa a 1957.

Babban taron shekara shi ne ziyarar Gariba a ranar Lag Ba'omer, kwana na 33 daga idin Pesa, wajen watan Mayu. Mai shiga sai ya tuɓe takalmi. Mata kan rubuta suna ko buƙata a jikin ƙwai su ajiye a wani ɗan kogo da ke cikin ginin. Ana fito da menara, wata babbar fitila bisa ƙafafun taya, a lulluɓe ta da gyale-gyale, a zaga da ita ƙauyen. Kafin a tashi ana gwanjon gyalen da sauran alfarmomi, kuɗin ya tafi ga gyaran gini da ciyar da dattawan da ke zaman karatu a ciki. Mai neman jin harsunan duka a wuri guda nan zai je: mai gwanjo da Larabci, albarka da Ibrananci, maziyartan da suka zo daga Paris da Marsai suna taya juna da Faransanci.

Taron ya sha jini. A ranar 11 ga Afrilu 2002 wata motar gas da aka tayar a ƙofar majami'ar ta kashe mutum kimanin 20, yawancinsu Jamusawa masu yawon buɗe ido, Alƙa'ida ta ɗauki alhaki. A ranar 9 ga Mayu 2023 wani jami'in tsaro ya harbe mutum biyar, biyu maziyarta, uku abokan aikinsa. A shekarar ce UNESCO ta sa Jarba cikin jerin wuraren tarihi na duniya, amma a 2024 an taƙaita bikin ƙwarai. Ga mai nazarin harshe lissafin a fili yake: duk iyalin da ya tashi, jikokinsa da Faransanci ko Ibrananci za su tashi.

6. Hausa da waɗannan kalmomi

Mai karatu ya riga ya lura da kamanni: shabbat da Asabar, tora da Attaura, tsedaka da sadaka, keber da kabari. A nan sai a yi hattara, domin daga irin wannan jeri ne ake gina labaran cewa wata ƙabila jikokin Bani Isra'ila ce. Hausa ba ta ari ko ɗaya daga Ibrananci ba. Daga Larabci ta aro su, a- ɗin farkon Asabar da at- ɗin Attaura ma shaida ne, don ragowar al- ce ta Larabci. Kamannin ya zo ne daga kasancewar Larabci da Ibrananci ƴan gida ɗaya. Akwai wata dangantaka mafi zurfi, wadda ba aro ba ce: tun rabe-raben Joseph Greenberg an san Hausa reshen Cadi ce ta babban dangin Afro-Asiya, shi ya sa mutu ke kama da saiwar m-w-t, mi ko me ke kama da ma. Wannan gadon dubban shekaru ne, ya girmi addinan duka. Ta fuskar tarihi kuwa, abin da ya haɗa yankinmu da Yahudawan Sahara ba mai daɗi ba ne: Almagili, wanda ya sa aka rushe majami'ar Tamantit a Tuwat wajen 1492, shi ne ya biyo ta Ayar ya isa Kano zamanin Muhammadu Rumfa.

Saura matsalar fassara, wadda ke damun masu aikin rediyo da masu haɗa ƙamus. Majami'a ita kaɗai na iya rikitarwa, tunda Kiristoci Hausawa ma suna kiran cocinsu haka, don haka muke ba da shawarar majami'ar Yahudawa. Rebbi, kamar yadda ake furta shi a Tunisiya, bai kamata a ce masa limami ba. Malami ne mai karantarwa da ba da fatawa, jan addu'a kuwa aikin hazan ne, ko ma duk baligin da ya iya. Kohen ya fi wuya. Masu fassarar Littafi Mai Tsarki sun ce firist, amma kohen na Jarba na iya zama maƙerin azurfa wanda bai yi karatu mai zurfi ba. Matsayin gado ne ta wajen uba daga Annabi Haruna: shi ake fara kira wajen karatun Attaura, shi ke sa wa jam'i albarka, kuma ba ya shiga maƙabarta. Kalmar Hausa da ta fi kusa da wannan ita ce sharifi, amma tana ɗauke da nasaba ta daban wadda ba za a iya cire mata ba. Mun ga ya fi dacewa a bar kohen yadda yake, jam'insa kohanim, a yi masa bayani a wurin da ya fara fitowa.