Abdou Moumouni Dioffo, malamin da ya sa rana aiki tun ba a san pano ba

Duk wanda ya ratsa kasuwar Filinge ran Lahadi ya ga pano a jingine gaban shago, ana cajin wayoyi. A ƙauyuka da yawa shi ke tayar da ruwan fanfo, shi ke riƙe da sanyin allurar rigakafi a likita. Yau za mu kawo muku tarihin ɗan Nijar da ya ba da rayuwarsa ga wannan aiki, mu kuma ga abin da za mu ƙaru da shi.

An haifi Farfesa Abdou Moumouni Dioffo a Tasawa, ranar 26 ga Yunin 1929. Daga lakwal ta gida ya wuce makarantar William Ponty a Senegal, sannan Paris. A 1956 ya ci jarrabawar agregasiyo, wadda Faransa ke tace manyan malamai da ita, a fannin fizik, wato ilimin haske da zafi da motsi. Ya koyar a Dakar da Konakiri da Bamako, kuma a Bamako ya kafa ɗakin binciken makamashin rana a 1964. A 1969 ya dawo gida ya shugabanci ONERSOL, ofishin makamashin rana na Nijar. Ya kuma riƙe shugabancin jami'ar Yamai daga 1979. Allah ya yi masa rasuwa ranar 7 ga Afrilun 1991, kuma jami'ar sunansa take ɗauke da shi yau.

To me yake bincike a kai? Rana dai muna da ita har ta yi yawa. Wuyar ita ce samun abin da zai kama ta. Kowa ya san baƙar riga ta fi fara zafi. Idan aka shafa wa ƙarfe baƙin fenti, aka rufe shi da gilashi, haske ya shiga, zafi ya kasa fita, sai ruwan da ke bin bututu a ciki ya yi zafi. Idan kuma aka lanƙwasa madubi kamar kwano, sai ya tara haske wuri guda, har tukunya ta tafasa ba itace ko ɗaya. A kan irin wannan madubi malamin ya yi digirinsa na dokta a 1967. ONERSOL ta ƙera na'urorin ɗumama ruwa da murhun rana da na'urar tace ruwa, a Yamai, da hannun 'yan ƙasa.

Pano na saman ɗakunanmu hanyarsa daban. Da silikon ake yin sa, wani sinadari da ake fitarwa daga yashi a tace shi sosai. Haske na taɓa shi sai ya ba da kuran kai tsaye. Pano mai kyau na mayar da wajen kashi ɗaya cikin biyar na hasken da ya sauka a kansa, shi ya sa masana har gobe ke neman kayan da za su fi haka, su kuma fi arha.

Wannan magana ta shafe mu. A watan Agustan 2023, da Najeriya ta yanke mana wuta, mun ga abin da ake nufi da dogaro da rijiyar maƙwabci. A shekarar ce tashar Gorou Banda mai megawat 30 ta fara aiki kusa da Yamai, bayan ta Malbaza mai megawat 7 da aka buɗe a 2018. Ga kuma itacen girki, wanda matanmu ke ƙara nisa wajen nemansa a dallol.

'Yan uwa na Kumasi da Abijan da Kwatano masu aiko kuɗin pano, ga shawara. Pano na gaske kan kai shekara 20 ko fiye, batir ne ke saurin mutuwa, don haka kada a yi arhar batir. A ajiye shi a inuwa. A bar sarari tsakanin pano da kwanon rufi don iska ta ratsa, domin zafi na rage masa ƙarfi. Lokacin hunturu a riƙa goge ƙura da sassafe da tsumma mai laushi, ban da soso mai kaushi.

Sai babbar shawara. Kusan duk panon da muke saye daga Sin yake zuwa, alhali malamin nan ya nuna ana iya yin bincike da ƙira a gida. A littafinsa kan ilimi a Afirka, na 1964, ya nemi a koyar da yara da harsunansu. Idan ɗiyarku ko ɗanku na son lissafi, yana kwance tsohuwar rediyo don ya ga cikinta, kada a cire shi daga lakwal don tallar kasuwa ko tafiya bariki. A bar shi ya yi karatu.

Allah ya jiƙan malam, ya sa aikinsa ya bi shi.