Ingilishi a ajin Urafane: tsakanin salon Amurka da na Sin

Yaron da ya tashi a Urafane, arewa da garin Tasawa, ba ya gamuwa da Ingilishi a makarantar gwamnati sai ya shiga ajin farko na kwaleji. Kafin nan da Faransanci ya yi ta fama. Abin da kunnensa ya tsinta na Ingilishi bai wuce 'yan kalmomin da 'yan cirani suke dawowa da su daga Katsina da Kano ba. Amma tun da kundin sake gina ƙasar Nijar na watan Maris 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ya kuma jera Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki, darasin ya wuce na neman maki a jarrabawar BEPC.

Amurka ta daɗe da sa hannu a wannan fage. 'Yan sa-kai na Peace Corps sun fara isowa Nijar a 1962, kuma koyar da Ingilishi ne aikinsu na farko. Sun ci gaba da zuwa har watan Janairu 2011, lokacin da matsalar tsaro ta sa aka kwashe su. Salon da Amurkawa suka fi yayatawa shi ne yaro ya buɗe baki tun ranar farko. A haɗa ɗalibai bibbiyu, wannan mai sayar da gero, wancan mai saye, su yi ciniki da ɗan abin da suka iya, gyaran kuskure ya biyo baya. A can Amurka ma ba su da manhaja guda ta ƙasa baki ɗaya. Kowace jiha da tsarinta. Kotu ce ta tilasta wa makarantu kula da yaran da ba su jin harshen, a shari'ar Lau da Nichols ta 1974, wadda aka shigar a madadin 'ya'yan Sinawa mazauna San Francisco.

Salon yana da kyau, sai dai yana buƙatar ƙaramin aji, da littafi a hannun kowa, da malamin da harshen ya zauna a bakinsa. Malamin da ke tsaye a rumfar zana, ɗalibai sun cika maƙil, da wuya ya kewaya ya saurari kowane rukuni kafin lokaci ya ƙare.

Sin kuwa ta san cunkoson aji. Ma'aikatar ilimi a Beijing ce ke tsara manhaja, kuma tun 2001 aka saukar da Ingilishi zuwa aji uku na firamare. Da sassafe ɗalibai kan ɗaga murya su yi ta biya darasi, su haddace kalmomi da jimloli. Abin da ke tura su shi ne gaokao, jarrabawar shiga jami'a da aka maido a 1977, inda harshen waje ke ɗauke da maki 150 cikin 750 a yawancin larduna. Sinawan da kansu sun koka cewa tsarin na fitar da masu cin jarrabawa waɗanda bakinsu ke nauyi in sun haɗu da baƙo. Shi ya sa manhajar 2001 ta nemi a riƙa ba yara ayyukan da sai sun yi magana za su iya kammalawa.

Hadda ba baƙuwa ba ce a ƙasar Tasawa da Mayahi. Duk wanda ya ratsa makarantar allo ya san ta, ba sai an koyo daga Sin ba. Abin kwaɗayi a Sin shi ne yadda malamai ke aiki. Masu koyar da darasi ɗaya suna da ƙungiya a cikin makarantarsu, suna zama a kai a kai su shirya darasi tare, tsohon hannu ya shiga ajin sabo ya zauna a baya, bayan an tashi su tattauna inda aka yi tuntuɓe. Sabon malami ba a barinsa shi kaɗai da alli.

A ƙaramin kwaleji na karkara sau da yawa malamin Ingilishi ɗaya ne tak, don haka irin wannan zama sai an haɗo na makarantun maƙwabta. Ana buƙatar kuɗin man babur, da rana guda da hukumar ilimi ta Tasawa za ta ware musu a cikin jadawalin aiki.