GASASSHIYAR TALIYA DA WAKE: ABINCIN DARE BA NAMA

Uwargida, saurara!

Nama ya yi tsada, mun sani. Amma rashin nama ba ya hana yaro girma in kin iya haɗin abinci. Taliya da mai da yaji kaɗai cika ciki ne. Tana ba da ƙarfi, amma ba ta isa ta gina jikin yaro ba. Yaron da kullum ita ce cimarsa, sai ki ga awonsa ya tsaya wuri ɗaya a kati. Abin da alkama ta gaza na gina jiki yana cikin wake, abin da wake ya gaza kuma yana cikin alkama. Shi ya sa mu ke cewa a haɗa su tukunya ɗaya.

Don mutum 6 ki tanadi taliya leda ɗaya, ko ta murji kwatankwacin haka, wake gwangwanin madara 2, ƙwai 3, alayyahu ɗauri 2, tumatir, tattasai, albasa, daddawa, manja ludayi ɗaya, da garin ƙuli-ƙuli cikin hannu.

Fara wanke hannu da sabulu. Ki jiƙa wake tun safe, ki zubar da ruwan, ki dafa shi ya yi lugub. Taliya kuwa kada ki bari ta nuna sarai, don za ta ƙarasa a wajen gashi. Ki tace ta. Ki soya kayan miya da manja da daddawa sama-sama, kada ki ƙona manjan har ya yi fari. Jan nan nasa shi ne bitamin A, mai kare ido daga dundumi. A wanke alayyahu kafin a yanka, ba bayan an yanka ba, a zuba shi daga ƙarshe.

Sai ki juye duka a tukunyar ƙarfe da ki ka shafa wa mai, ki kaɗa ƙwai ki kwarara a kai, ki barbaɗa ƙuli. Ki rufe, garwashi kaɗan a ƙasa, mai yawa a kan murfi. Wajen minti 25 ya isa. Soka wuƙa a tsakiya: in ta fito da danshin ƙwai, bai yi ba, mayar da murfi. Ɗanyen ƙwai na iya jawo gudawa.

RABON YARO

Yaro ƙarami a ba shi kwanonsa daban. In ya sa hannu da yayyensa, kafin ya kai loma biyu sun share kwano, ke kuma kina ganin ya ci! Daga wata 6 ki dama masa nasa da cokali ya yi laushi, ki ci gaba da ba shi nono. Kafin wata 6 nono kaɗai, ko ruwa ba ya bukata. Gishiri ya zama mai aidin, kuma kaɗan. Yaji, manya su ƙara a nasu kwanon.

Kada a bi abincin nan da shayi, yana hana jiki amfana da sinadarin ƙara jini da ke cikin wake da ganye. Lemo ko gwanda sun fi.

In ya ragu, a ɗumama shi har ya yi tururi kafin a ci. Wanda ya kwana a buɗe kada a ba yaro.

In kin ga ƙafafun yaro sun kumbura, ko gashinsa ya yi ja yana zuba, ko yana ta rama, ki kawo shi asibiti a ranar, da katinsa. Kada ki jira ranar awo.