Jiƙa, Tsima da Ciki

Yara, kun taɓa duba ledar sabon gidan sauro, wanda muke cewa sange? A jikinta, ko a bangon gidan likita, za ku ga an rubuta da faransanci: moustiquaire imprégnée. Moustiquaire ita ce sange. To, imprégnée fa?

Imprégner na nufin ruwa, ko mai, ko magani ya shiga cikin abu, ya ratsa shi, ya zauna. Amma a da ba haka kalmar take nufi ba. Ta fito ne daga latinanci, harshen da ya haifi faransanci, kuma can ma'anarta ita ce a sa mace ta ɗauki ciki. A hankali Faransawa suka bar wannan ma'ana, suka riƙe ta jiƙewa. Yau idan mace tana da ciki sai su ce elle est enceinte, cikin kuma su kira shi grossesse. Ina ruwan jiƙewa da ɗaukar ciki? Mu duba hausarmu tukuna.

Mu fara da jiƙa. Inna ta jiƙa gero a ƙwarya. Ruwan sama ya jiƙa Abdu a hanyar lakwal. Idan abin ya gama shan ruwa sai a ce ya jiƙe, ko ya jiƙu. Idan ruwan ya yi yawa har yana ɗiga, sai a ƙara wata kalma mai ƙarfafawa: riga ta jiƙe sharkaf, zane ya jiƙe jagab. Da faransanci jiƙa ita ce mouiller, jiƙewa sharkaf kuwa être trempé.

Ku lura da ƙugiyar ƙ in kuna rubutu. Jiƙa daban, jika daban. Jika shi ne ɗan ɗanka ko ɗan ɗiyarka. Yaron da ya rubuta "Kaka ta jika gero" ya ɓata magana, mushe kuwa ba zai bar shi ba. Ga kuma jikka, wato dala 200, ita ma tana nan kusa tana jiran mai gaggawa ya ruɗe.

Tsoma ba ta kai jiƙa ba. Ka tsoma yatsa a ruwa ka fitar, shi ke nan, ba a daɗe ba. Tsima ita ce mai ɗaukar lokaci. Ana tsima tsamiya a ruwa har ta saki tsaminta, a dama kunu da ita. Ana tsima sassaƙe ko saiwa kwana ɗaya ko biyu, ruwan da ya fito shi ne tsimi, wasu su ce jiƙo. A marina, marini yakan tsoma farin zane a ruwan baba, ya fitar, ya bari iska ta buge shi, ya sake tsomawa. Sai ya yi haka sau da yawa kafin a ce zanen ya sha baba. Daga nan launin ya shiga zaren, wanki ɗaya ba ya fitar da shi. Wannan shi ne ainihin imprégner.

Akwai kuma ƙananan kalmomi: laima, danshi, raɓa. Ɗakin da bai ga rana ba yana da laima. Ciyawa da asuba tana da raɓa. Waɗannan ruwa ne kaɗan, ba su kai jiƙewa ba.

Manomi ya fi kowa sanin bambancin. Idan an yi yayyafi a farkon damina, saman ƙasa ne kawai ya jiƙe. Ka tona da yatsa, sai ka tarar da busasshen rairayi a ƙasa. Wanda ya yi shuka a kan irin wannan ruwa yana iya yin asarar iri: ƙwayar za ta tsira, rana ta buge ta, ta mutu, ga shi rumbu ya riga ya yi ƙasa. Shi ya sa dattijo yakan fita da sassafe bayan ruwa, ya tona rami da hannu. In ya ga danshi ya nutsa sosai, sai ya ce ƙasa ta sha ruwa, a ɗauko sungumi. Malaman gona su kuma da milimita suke aunawa, sukan so ruwan ya kai wajen milimita 20 kafin a zuba iri.

Yanzu ku bi gonar nan. Gero ya tsiro, an yi noma, an maimaita. Wata rana sai ka ga saman karan ya kumbura, zangarniya tana ɓoye a cikin ganye, ba ta fito ba tukuna. Me manomi ke cewa? Cewa yake gero ya yi ciki. A wannan lokaci hankalin kowa yana sama, domin idan ruwa ya ɗauke gero yana da ciki, zangarniyar za ta fito ba ƙwaya sosai. In ruwa ya samu, sai ya fitar da kai, ya yi bununi, ya yi ido, yara su fara gasa tumu. Kun ga ashe Bahaushe ma ya haɗa su: ƙasa ta sha ruwa, hatsi ya yi ciki.

Kalmar ciki tana da ma'ana uku. Akwai cikin da ke jin yunwa. Akwai cikin ɗaki, cikin tulu. Akwai cikin da mace ke ɗauka. Saboda kunya da ladabi, ba kullum ake faɗin na ukun kai tsaye ba. An fi cewa tana da juna biyu. Ana cewa ƙaramin ciki a watannin farko, tsohon ciki idan haihuwa ta kusa. Sai naƙuda, sai a ce ta sauka lafiya, an sami ƙaruwa. Idan cikin ya zube kafin lokaci, shi ne ɓari. Juna biyu ta mutane ce kawai. Ba a cewa akuya tana da juna biyu, dariya za a yi maka. Faransanci ma haka: enceinte ta mace ce, saniya kuwa sai a ce elle est pleine, wato ta cika.

Mace tana goyon ciki wata 9. Akuya da tunkiya wata 5. Saniya wata 9 da ƴan kwanaki, goɗiya wata 11, jaka wajen shekara guda. Taguwa, macen raƙumi, ta fi su duka, takan kai wata 13.

Mu koma ga sangenmu. A shekarun 1990, akan tsoma sange a ruwan maganin sauro, a shanya shi a inuwa, kuma sai an sake tsomawa bayan kamar wata 6. Sangen da ake rabawa yanzu tun daga masana'anta aka sa masa maganin a zarensa, yana kai wajen shekara 3. Sauron da ya sauka a kansa yakan mutu ko ya gudu. Masassarar cizon sauro tana da haɗari ƙwarai ga mai juna biyu: tana rage mata jini, tana iya jawo ɓari, ko a haifi jariri ɗan ƙarami marar ƙarfi. Don haka ne ake ba mata sange idan sun je awon ciki. In an wanke shi, a yi da sabulu marar ƙarfi, kada a shanya shi a rana, domin rana tana kashe maganin.

Aiki: ku rubuta jimla ɗaya da jiƙa, ɗaya da jika, ɗaya da tsima. Da kun koma gida kuma, ku tambayi kaka yadda ake cewa mace tana da ciki a garinku, ku kawo mana amsa gobe.