Kalmar "Gida" da Matsalar Fassara Takardun Tambayoyin Bincike

Tun bayan maƙalar da Richard Brislin ya wallafa a 1970, masu binciken zamantakewa suka rungumi dabarar mayar da fassara: wani ya fassara takardar tambayoyi zuwa harshen masu amsawa, wani daban da bai ga ta asali ba ya mayar da ita harshen farko, sannan a kwatanta. Dabarar tana kama kurakuran kalmomi, amma ba ta gano inda kalma ta yi daidai a ƙamus ta kuma saɓa a bakin jama'a.

Kalmar Ingilishi "household" misali ce mai kyau. A ma'anar da hukumar ƙididdiga ta Ghana ke amfani da ita, tana nufin mutanen da ke zaune tare kuma ake ciyar da su a matsayin rukuni ɗaya. Mai fassara zai rubuta "gida", mai mayarwa ya dawo da kalmar asali, a ɗauka aiki ya kammala. To amma a zangon Nima da ke Akara, gida guda kan ƙunshi ɗakunan haya da dama, kowane ɗaki da tukunyarsa. Idan aka tambayi matar aure mutum nawa ne a gidanta, tana iya ƙirga duk mai shiga ta ƙofar zaure, alhali maƙwabciyarta ta ƙirga mijinta da 'ya'yanta kaɗai. Duk biyun gaskiya suka faɗa, amma alƙaluman da aka tara ba sa kwatantuwa, kuma da irinsu ake ƙiyasta talauci da cunkoso. "Iyali" ma ba ta warware matsalar ba, domin takan bar ɗan aiki ko almajirin da ke cin abinci a gidan.

Wannan ne dalilin fifita tsarin TRAPD na Janet Harkness, wanda binciken zamantakewa na Turai da aka fara a 2002 ya ɗauka. Masu fassara biyu kan yi aiki daban-daban, su zauna da masanin fannin a tantance, a gwada tambayar a kan mutane kaɗan, a kuma rubuta hujjar kowane zaɓi. A matakin gwajin ne ake tambayar mai amsawa su wa ya ƙirga. Daga nan tambayar kan sauya zuwa jimla mai ɗan tsawo: "Mutum nawa ne kuke ci daga tukunya ɗaya, ku kuma kwana a nan?"