Kangon Gidan Gwamna Lugga a Zungeru: Wa Zai Cece Shi?

A garin Zungeru, cikin Ƙaramar Hukumar Wushishi ta Jihar Neja, akwai wani kango wanda baƙo zai iya wuce shi bai waiwaya ba. Abin da ya rage a wurin bai wuce ginshiƙai da guntayen bango na jan bulo ba, ciyawa kuwa ta yi musu ƙawanya. To, amma a nan ne Gwamna Lugga ya zauna, daga nan kuma aka mulki dukkan Arewacin Nijeriya shekara goma sha wani abu.

Turawa sun kafa mulkinsu na Arewa a Lakwaja ranar 1 ga Janairu, 1900. Bayan ɗan zama a Jebba, sai suka komo Zungeru, wadda tsofaffi ke kira Dungurum, a cikin 1902. Zungeru ce hedkwata sa'ad da aka ci Kano a watan Fabrairu na 1903, aka ci Sakkwato a watan Maris, haka kuma lokacin yaƙin Satiru a 1906. Da aka haɗe Kudu da Arewa a 1914, har ila yau ita ce babban birnin Arewa. Sai a 1917 Kaduna ta karɓi wannan matsayi, ma'aikata suka kwashe komatsansu, aka bar gine-ginen ga ruwa da gara.

Wani zai ce, mene ne namu na tattalin gidan wanda ya zo ya ci ƙasarmu da yaƙi? Tambayar tana da nauyi, domin kakanninmu sun zubar da jini a Burmi da Satiru. Amma adana gini dabam, yabon mai shi dabam. Ginin shaida ne, kuma idan shaida ta rushe, labari ya zama tatsuniya. Ɗalibin da aka kai ya ga inda aka zauna aka tsara mulkin ƙasarsa, ya fi wanda ya haddace shekaru daga allo fahimtar darasin.

Hausawa mazauna Fatakwal da Anaca da Inugu ma suna da rabo a wannan tarihi. A Zungeru aka haifi Dokta Nnamdi Azikiwe ranar 16 ga Nuwamba, 1904, lokacin mahaifinsa, mutumin Anaca, yana aikin akawu a ofishin Turawa. Ya tashi da Hausa a bakinsa kafin a mai da shi gida Anaca, daga baya ya zama Firimiyan Gabas a Inugu, sa'an nan Shugaban Ƙasa a 1963. A Zungerun dai aka haifi Odumegwu Ojukwu a 1933. Ita kanta Fatakwal, Lugga ne ya raɗa mata suna a 1913, don girmama Lewis Harcourt, Sakataren Ƙasashen Mallaka na Ingila. Ashe ke nan Bahaushen da ake ce wa baƙo a kasuwar Anaca yana da abin nunawa: ɗan Anaca ma ya yi baƙunci a Arewa, har aka binne cibiyar ɗansa can.

Ba a rasa abin koyi ba. A Kano an kula da Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer ya zauna, ga kuma Gidan Makama da aka mayar gidan tarihi, alhali da ƙasa aka gina su. Ko 'yar gadar ƙarfe ta Lugga da aka ɗauke daga Zungeru aka kai Kaduna ta tsira, don an sa mata ido. In ginin ƙasa ya jure saboda yaɓe da kulawa, wane dalili ne zai sa jan bulo ya gagara?

Aikin ba mai wuya ba ne: a kewaye wurin, a share ciyawa, a tallafi ginshiƙan da suka tsage, a sa mai gadi, a kafa allo da Hausa da Turanci mai bayyana tarihinsa. Nauyin yana wuyan Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda Doka ta 77 ta 1979 ta kafa, da kuma Gwamnatin Jihar Neja. Damina ba ta jiran kasafin kuɗi, kuma bulon da ya faɗi bana, ba mai mai da shi baɗi.